Cinikin Biri a Sama: Wayar Salula da Siyasar Duniya a Idon Ɗan Kasuwa

Maganar da nake tafe da ita yau ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗinta ba, musamman 'yan majalisarmu ta bayan sallar isha'i. Maganar kuwa ita ce: mu matasa, wayar salula ta sa muna ganin kamar mun fi iyayenmu sanin siyasar duniya, alhali a ganina kallo kawai muka fi su yi. Siyasar da take taɓa tukunyar gidanmu ba ita ce muke aika wa juna a WhatsApp ba. Tana can cikin farashin ita kanta wayar, da canjin kuɗi, da bakin iyaka, wato wuraren da ba mai ɗaukar bidiyonsu.

Domin mai karatu ya san daga inda nake magana, ni a Bauchi aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, amma iyayena mutanen ƙasar Damagaram ne, daga wani gari kusa da Magarya. Mahaifina yana da rumfa a kasuwar Muda Lawal, yana sayar da dabino da aya da kanwa da ake kawo masa daga Nijar, shi kuma yana aika takalma da kayan roba can. Ni ne mai riƙe masa waya da littafin bashi. A nan Bauchi wani lokaci a ce mini ɗan Nijar, idan na je can kuma a ce ga ɗan Najeriya ya zo, har a riƙa yi wa Hausata dariya. To mutumin da yake tsaye ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can, idan ƙasashen biyu suka ja da baya shi ne wandonsa yake fara yagewa. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ni ba na cikin masu zagin waya. Baba yana ba mu labarin yadda suke yi da can: idan yana son aika saƙo gida, sai ya sayi kaset, ya zauna da rikoda ya yi magana, ya gai da kowa da sunansa, ya ba direban da zai bi ta Kano da Daura ya kai. Amsa kuwa sai bayan mako biyu ko uku, idan direban bai manta da kaset ɗin a mota ba. Rasuwa ma sai an yi sadakar bakwai kafin ka ji. Da aka fara GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, ya ce layi kaɗai yana kai naira dubu ashirin, kiran minti ɗaya kuma naira hamsin, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya fara numfashi. Yau kakata, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, tana danna waya ta yi mini magana ta minti biyar, ta tambayi lafiyar kowa, ta ƙare da cewa in gaya wa babana kuɗin magani ya ƙare. Mai dabino yana turo mana hoton kaya tun suna Agadas. Duk wanda ya ce a koma zamanin kaset, bai taɓa jiran direba ba.

To amma bari mu buɗe bayan wayar mu ga abin da ke ciki. Mafi yawan wayoyin da ke hannun 'yan kasuwarmu Tecno ne ko itel ko Infinix, kuma duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Ba da tsafi ya kama kasuwa ba, zuwa ya yi ya duba halinmu: ya ga kowa yana yawo da layi biyu saboda rashin tabbas na sabis, ya yi mai layi biyu, ya ga ba mu da wuta, ya ƙara girman batir, ya gyara kyamara yadda baƙar fata za ta fito da kyau. Ni dai na yaba musu, domin ɗan kasuwa na gari ke nan. Sai dai ƙwaƙwalwar da ke cikin yawancin waɗannan wayoyi ta wani kamfanin Taiwan ce, MediaTek, ita kuwa Taiwan ita ce tsibirin da Sin take cewa nata ne, Amurka kuma tana sayar mata da makamai. Ma'adinin kobalt da ake sa wa a batir, fiye da kashi biyu cikin uku na duniya daga Kongo ake haƙo shi. Ka ga ke nan rigingimu uku ko huɗu na duniya suna kwance a aljihunka, kai kuma kana amfani da su wajen kallon wasan barkwanci.

Kuma duk wannan kaya da dala ake sayo shi. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati na dala yana wajen naira 460. Da aka sake ta ta nemi farashinta da kanta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wayar da na saya a 2022, yau kuɗin da na biya ko rabinta ba zai saya ba. Masu gyara a wajen Wunti sun shaida haka, domin mutanen da a da suke jefar da waya idan gilashinta ya fashe, yanzu layi suke yi a canza musu. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data. Mu da muke hulɗa da sefa abin ya zo mana ta fuska biyu. Sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, ba ta motsi sai yuro ya motsa, don haka da naira ta faɗi, jika guda da nake tunawa ana canzawa ƙasa da naira dubu ina yaro, sai ga ta ta wuce naira dubu biyu. Dabino ya yi tsada a Bauchi, takalmanmu kuma suka yi araha a Damagaram. Wannan ita ce siyasar duniya kamar yadda take shigowa rumfa, ba ta yin sallama.

Haka nan lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka canza fasalin naira, tsofaffin da suka rantse ba za su taɓa yarda da kuɗin da ba su gani a hannu ba, dole ta sa suka buɗe OPay da PalmPay, waɗanda su ma akwai jarin 'yan Sin a bayansu. Da wutar Arewa ta ɗauke kusan kwana goma a watan Oktoban 2024, masu cajin waya da janareta suka zama sarakai, wanda yake da hali kuma ya sayi farantin sola, shi ma daga Sin. Ba ƙorafi nake ba, lissafi nake. Waya tasu, batir nasu, sola tasu, asusun ma da hannunsu a ciki, amma ban taɓa jin an yi musu a kan Sin a majalisarmu ba. Kullum Faransa da Rasha.

Abin da ya sa na fara wannan tunani shi ne abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023, ranar da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, daga baya Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can suke kira Sedeyawo, ta zauna a Abuja ta ba sojojin mako guda su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hulɗar bankuna, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. Maraɗi da Damagaram daga layin Katsina zuwa Gazawa suke shan wuta, don haka 'yan'uwanmu suka shiga duhu, kuran ya tafi kamar yadda suke faɗa. Saƙon kakata da yake zuwa kullum ya koma sai bayan kwana uku ko huɗu, idan an samu wanda ya kai wayar caji.

A waɗannan watanni yaƙi biyu na gani. Na farko a waya yake. Kowace safiya sai an turo mini bidiyon tankoki wai ga sojojin Najeriya sun doshi iyaka, ko jiragen sama wai ga na Rasha sun sauka Yamai, kuma idan ka duba da kyau sai ka ga bishiyoyin da ke cikin hoton ma ba na ƙasarmu ba ne. Abokaina suka rabu gida biyu kamar masu goyon bayan ƙwallon Turai, wannan yana Tiani wancan yana Tinubu, ana ihu ana tafa hannu, mai shayi yana ta ciniki. Wasu har sukan juyo su tambaye ni, wai kai ɗan Nijar, idan an fara wa za ka bi? Su wasa suke yi, ni kuwa ba na iya dariya, domin ƙanin mahaifiyata soja ne a can, maƙwabcinmu da muka tashi tare kuma soja ne a nan.

Yaƙi na biyu a rumfa yake, kuma shi ba shi da bidiyo. Motar kayanmu ta maƙale a bakin iyaka. Kasuwar Maigatari da take cika duk Alhamis da shanu da raƙuma ta rame. Masu albasa da ke bi ta Illela da Ƙonni suka ga kayansu suna ruɓewa a kan mota. Wanda ya matsu sai ya bi ta daji da babur, ya biya nan ya biya can, kuɗin duk a kan mai saye yake ƙarewa. Mutanen da Baba yake bi bashi a can ba su ƙi biya ba, hanyar turowa ce babu, waɗanda suke bin sa a nan kuma ba ruwansu da Sedeyawo. Littafin bashin a hannuna yake, na san abin da nake faɗa. Iyakar nan ta fi kilomita 1,500, jihohi bakwai ne na Najeriya suke kanta: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ban san yadda mutum zai zauna a Abuja ya ce ya rufe ta ya hukunta sojoji ba. Sojan bai rasa abinci ba ko na rana ɗaya.

Kuma don Allah a lura da waɗanda suka yi aikin kashe wutar. Ba masu tura bidiyo ba ne. Sanatocin Arewa ne suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya je ya gana da Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ita ma ta je. Wato tsohuwar hanya, a tashi a je a zauna. Sai 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, aka buɗe iyaka a watan Maris. Wata bakwai ke nan na asara, Bazoum bai koma kujera ba, kuma babu wanda ya biya ko mai albasa ɗaya diyya. Wannan ma ba shi ne karon farko ba, domin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin saboda shinkafa.

Yanzu bari in taɓo inda za a ce na yi saɓo, wato maganar Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, wanda ya karɓi mulki a ƙarshen Satumban 2022. Hotonsa da jar hula yana kan wayar rabin samarin unguwarmu, wasu har a bayan Keke Napep. Na fahimci dalili. Matashi ne, yana magana da ƙarfin zuciya, mu kuwa mun gaji da tsofaffin da suke karanta takarda. Haushin Faransa ma ba ƙarya ba ne, ni na fi abokaina na Bauchi saninsa. Tun daga 1971 an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen Faransa, amma har yau kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki a Nijar. Da sojojin Faransa suka gama ficewa a Disamban 2023, na Amurka suka bi bayansu a 2024, ban yi kuka ba. Da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, na ji daɗi har raina.

To amma jin daɗi daban, ciniki daban. Bidiyoyin da ake yawo da su na Traore, da yawa na'ura ce ta ƙera su. An haɗa manyan mawaƙan Amurka wai suna rera masa waƙa suna kuka. An haɗa Fafaroma Leo na 14 wai yana yi masa jawabi na musamman, har sai da fadar Vatican ta fito a watan Mayun 2025 ta ce ƙarya ne. An ɗauko gine-ginen wasu ƙasashe an ce shi ya gina. Idan ka nuna wa aboki haka sai ya ce ai ko ƙarya ce, ƙarya ce mai amfani, tana farkar da Afirka. Wannan magana ita ce ta fi ba ni tsoro. A rumfarmu idan aka kawo buhun dabino, Baba ba ya yarda da na saman, sai ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo na tsakiya, domin kowa ya san mai kaya a sama yake jera masu kyau. Mutumin da ba zai sayi buhun dubu talatin bai zura hannu ba, yaya ɗansa zai sayi shugaban ƙasa sukutum daga bidiyon minti biyu? Wannan ai cinikin biri a sama ne. Tsakiyar buhun kuwa shi ne: hare-hare ba su tsaya ba a Burkina da Mali da yankin Tilaberi, an rufe bakin 'yan jarida, an shafe fiye da shekara biyu ana tsare da Bazoum da matarsa ba a kai su gaban shari'a ba. Wanda ya ga duk wannan ya ce duk da haka ya fi son sojoji, ra'ayinsa ne, zan zauna in saurare shi. Wanda bai yarda a buɗe buhun ba shi ne ba ni da abin da zan ce masa.

Kuma abin ba ya tsayawa a waya. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, yara a Kano da Kaduna suka fito da tutar Rasha. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa yana ji a jikinsa. Amma tutar daga ina ta shigo kansu? Daga bidiyon Yamai da Wagadugu. Aka kama teloli da suka ɗinka, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba ruwansa, a watan Nuwamba kuma duniya ta ga ƙananan yara suna faɗuwa a kotun Abuja bayan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wanda ya haɗa bidiyon yana can inda yake, ko sunansa ba mu sani ba. Wani abin mamaki, ita Rashar da ake ɗaga wa tuta, yaƙin da ta shiga da Yukren a Fabrairun 2022 yana cikin abin da ya tayar da farashin alkama da takin zamani, wato burodin mai shayi da buhun da manomin Dass yake nema. Ba na jin ko yaro ɗaya cikin masu tutar an taɓa gaya masa haka.

Abokaina suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Suna cewa: to rediyon da babanka yake rungume da ita fa, ba bakin Turawa ba ce? Gaskiya ne. BBC Hausa tun 1957 take magana, ta Ingila ce. Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Babu wadda aka kafa don Allah da Annabi, kowace ƙasa tana da abin da take nema. Hujja ma ta fito fili a watan Maris na 2025, da Shugaba Trump ya sa hannu a wata takarda, sai Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, bayan shekara arba'in da shida. Baba ya yi kwana biyu yana murɗa 'yar Kchibo ɗinsa yana zaton batir ne. Mutumin da bai san akwai Bauchi a duniya ba ya kashe wa dattawan Bauchi shirin da suke karyawa da shi.

Sai dai ga bambancin. Idan Baba ya ji labari, ya san rumfar da ya saya. Zai ce London ta ce kaza, amma bari mu ji Jamus da rana. Ya san wadda take sassauta wa Faransa, ya san wadda take sassauta wa Amurka, yana cire awon kowa kamar yadda ake cire nauyin buhu kafin a biya kuɗin kaya. Idan suka yi ƙarya akwai sunan wanda ya faɗa, akwai inda za a kai ƙara. Bidiyon da yake shigo mini kuwa an turo ne daga wanda aka turo wa, daga wanda aka turo wa. Ba rumfa, ba mai kaya, ba rasit. A kasuwa kayan da ba a san mai su ba sunansu kayan sata, mai hankali ba ya taɓawa ko da araha. Shi ya sa ban ga hikima ba da gwamnatin Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Ka rufe rumfunan da aka san masu su, ka bar mutane da 'yan talla na dare.

Su kansu shugabannin sun san darajar kunnenmu fiye da yadda muka sani. A ƙarshen Disamban 2024 Janar Tiani ya yi doguwar hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula Nijar. Kafin kwana biyu Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya fito a BBC Hausa ya musanta. Ba da Faransanci ko Turanci aka yi wannan ba, da harshenmu aka yi, domin mu ake zawarci. A majalisa aka yanka hirar gunduwa-gunduwa, kowa yana yawo da minti ɗayan da ya yi masa daɗi. Da na tambaya wa ya saurare ta daga farko har ƙarshe, mutum ɗaya ne, shi ma wani dattijo mai gadi.

Wani abin da muke mantawa shi ne wayar nan tana da makunni, kuma ba a hannunmu yake ba. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter. A Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya a Zamfara, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka koma ba direba saƙo kamar zamanin kaset. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka yanke a wajen gaɓar Kodebuwa, sai ga masu POS a Bauchi suna kallon na'ura tana juyi, mai saye yana tsaye da kaya a hannu. Tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Saboda haka duk cinikin da aka yi ta waya a rumfarmu, kafin a rufe sai na kwafe shi da biro a littafi, da kwanan wata da sunan mai shaida. Abokaina suna ce mini tsoho. Lambobin mutanenmu na Nijar ma suna rubuce a bangon littafin.

Ga misali na abin da nake nufi da labarin da ba a yi wa bidiyo. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, suka tsaya a kan ƙungiyarsu ta AES. A waya an yi biki, an sa kiɗa, an nuna sabon fasfo. Amma abin da ya shafi irinmu, mu da aka haifa a nan da iyaye 'yan can, yana cikin wata sanarwa mara daɗin karatu da ECOWAS ta fitar a ranar, inda ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, a bar su su shiga su zauna ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan "har sai" ɗin, zaman Baba na shekaru a Bauchi da rumfarsa suna rataye a jikinsa, kuma a majalisarmu ba wanda ya san da shi. A ƙarshen Maris na 2025 kuma ƙasashen AES suka amince da sabon haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Da na karanta wa Baba, bai tambaye ni ko Tiani ne mai gaskiya ko Tinubu ba. Cewa ya yi in ɗauko waya in buga masa lissafi. A kan kayan naira miliyan goma, naira dubu hamsin ne, ban da abin da ake biya a shingayen hanya daga Ningi zuwa Maigatari.